Ƙarfen da Ya Ƙi Yin Ja

Har na kai shekarun da gemu ke fara tsirowa, na yi imani da cewa babu abin da zai karye a ƙasarmu a rasa mai ɗora shi. Na kuma yi imani da cewa idan dattijo ya gyara zama a kan tabarma ya ce ya san abu, to ya san shi. A wurina waɗannan suna cikin tsarin duniya ne, kamar yadda ruwa ke gangarawa fadama. Ina kuwa da hujja, domin ƙauyenmu yana tsakanin Sabiyal da Aliero, kuma duk wanda ya tashi a nan ya sha ganin mutumin da aka sauke daga mota ƙafa tana lilo, aka shiga da shi gidan masu ɗori, bayan 'yan watanni a gan shi yana takawa zuwa masallaci da sanda, daga baya ma babu sandar. Mutanen da suka saba ganin ƙashi ya haɗe ba sa saurin yarda cewa wani abu ya ƙare.

Keken mahaifina, Malam Arzika, yana cikin hujjojina. Baƙi ne, ɗan Ingila, ya girme ni, kuma sai mutum ya dage kafin ya tsallakar da shi dokin ƙofa. Har yau ina jin sautinsa da sassafe: sarƙa tana shafar gidanta na kwano, sirdin fata yana ƙara kamar tsohon ƙyaure, sai ƙararrawa a bakin zaure domin Inna ta san ya fita. Daga can fadama kuma jigon ban ruwa yana amsawa da nasa kukan. Wanke shi aikina ne tun tasowata, da toka da tsumma, sannan in bi gaɓoɓinsa da gashin kaza da aka tsoma a baƙin mai. A wajen wankin nan na haddace duk tabon da ke jikinsa. Inda duk ya taɓa tsagewa akwai ƙullin walda mai launin tagulla, kuma Baba ya san tarihin kowanne: wannan na ranar da jaki ya gitta masa a hanyar Jega, wancan na shekarar da ruwa ya cinye hanya. Keken ba ya tsagewa sai ya yi gargaɗi. Zai fara karkata, ya yi ta ƙara kwana da kwanaki. Baba yakan ce, "Baƙin ƙarhe kunya garai, bai kada mutum sai ya yi sallama." Sai a kai shi Jega a gasa wurin ya yi ja, a zuba masa tagulla, ya dawo gida ya ci gaba da aikinsa.

Aikin kuwa babba ne. Baba manomin albasa ne, ba daga cikin manya ba, amma yana da abin da ya bambanta shi da maƙwabtansa: bai taɓa sayar da albasarsa a bakin gona ba. Dillalai kan zo da motocinsu bayan an cire, su tsaya suna taɓe baki suna tura albasa da ƙafa, su faɗi farashin da suka ga dama, mutane su karɓa har da godiya. Shi kuwa sai ya jera tasa a rudu, wato rumfar karan da ake ajiye albasa ta sha iska, ya riƙa ɗiba kowace ranar kasuwar Jega, ya ɗaure buhuna a kariya, wato mazaunin kaya na bayan keke, ya hau inda hanya ta yarda, ya tura inda yashi ya hana. A kasuwa yana da wurin zamansa, yana da masu saye da suka san shi da suna, kuma shi ke faɗin darajar kayansa da bakinsa. "Wanda yas sai da albasa bakin gona," in ji shi, "wani yay yi ma bauta shekara guda." Mutuncinsa duka a kan kariyar nan yake ɗaure, kuma kowa a ƙauyen ya san haka, har da waɗanda abin ke yi wa ciwo.

Sai aka ba mu jiha. Ba zan raina murnar da aka yi ba, domin ni ma na yi ta. Abin da nake rainawa shi ne zazzaɓin da ya biyo baya, lokacin da duk wani abu mai ƙyalli ya zama shaidar cewa mun waye, duk wani abu mai tabo kuma ya zama abin ɓoyewa. Mutanen da ba su taɓa taka Birnin Kebbi ba suka fara yanke hukunci a kan abin da ya dace da sabuwar jiha da wanda bai dace ba. A majalisar da ke ƙarƙashin ɗurumin ƙofar masallacinmu, limamin wannan ilimi shi ne Maidamma, sa'an Baba, mutumin da bai taɓa noma abin da ya cika rumbu ba, bai kuma taɓa rasa amsar tambaya ba. A wannan ranin ne wani ɗan kasuwa daga Jega ya fara kawo kekunan gwanjo da aka shigo da su ta kan iyaka, farare, masu kaurin bututu, babu gidan sarƙa, babu kariya. Ya kawo guda ɗaya wurin majalisar bayan la'asar, ya jingina shi a jikin ɗurumi, ya koma gefe ya bar ƙyalli ya yi masa talla.

Mutanenmu suna da hanyar gwada keke, kuma ta yi musu aiki tun da keke ya shigo ƙasar. Akan ɗaga shi a ji nauyi, sannan a ƙwanƙwasa bututun da zobe a saurara, domin ƙarfen kirki yana da amo mai tsawo. Da Baba ya ɗaga wannan, sai da ya kusa faɗuwa da baya, saboda ya tara ƙarfin da ya rasa abin da zai yi da shi. Da ya ƙwanƙwasa, sai bututun ya ce ƙwas, ya yi shiru. Keken ya faɗi gwajin ta kowace fuska. Da majalisar ta tsaya a kan abin da ta sani, da a nan maganar ta mutu.

"Wanga ai kwano na," in ji Baba.

Maidamma ya tuntsire da dariya har da tafi. "Kwano? Arzika, ƙauyanci bai sake ka ba har yau. Wanga shi na ƙarhen da anka ƙera jirgin sama da shi. Abin da ka ɗaukar alhazzai har Makka, buhun albasakka za ya gagare shi?"

"Kai ka taɓa shiga jirgin?"

"Ban shiga ba, amma na gaisa da wanda yash shiga."

Aka yi dariya, amma cikin dariyar aka karɓi maganar a matsayin hujja. Mutum ɗaya ne ya tanka, Malam Yohanna, malamin kimiyya mutumin Zuru da aiki ya kawo makarantar sakandaren yankinmu, wanda ya saba tsayawa ya gaida dattawa idan ya biyo ta nan. Ya shafa bututun ya ce, "Baba, ku yi haƙuri in sa baki. Wannan goran-ruwa ne, dangin wanda ake zuba tukunya da shi, an dai ƙara masa ƙarfi. Don gudu aka yi shi, mutum ɗaya ba kaya. Kada a ɗora masa buhu." Aka yi masa godiya da ladabi. Bai kai kwanar masallaci ba Maidamma ya ce, "Baƙo na. Alli yas sani, mi yas sani ga albasa?" Kawuna suka gyaɗa.

Daga ranar suka sa Baba a gaba. Idan ya wuce da baƙin kekensa sai wani ya ɗaga murya, "Tsoho da tsoho, wa ka tura wani?" Da zolaya ce kawai da ya jure, domin ya jure wadda ta fi ta. Amma gwiwoyinsa sun fara ciwo da gaske. Na sha ganin Inna tana gasa masa su da tsumma da ruwan zafi idan ya dawo daga Jega, kuma na ga yadda yake kallon farin keken nan kamar mai ƙishirwa yana kallon randar maƙwabci. Kafin ranin ya yi nisa ya yi musaya: ya ba da baƙin keke, ya ƙara da rabin abin da ke cikin rudu. Da yake sabon ba shi da kariya, aka kai wa maƙerin ƙauye, ya huda bututun baya ya ɗaura masa kariyar ƙarfe da kusoshi. Babu wanda ya ga aibin hudar. An sha huda baƙin keke bai ce komai ba.

Adalci ya sa in faɗi cewa makonnin da suka biyo baya su ne na ƙarshe da na ga mahaifina da ƙuruciya a fuska. Yakan dawo tun rana da sauran tsawo, ya sauka yana fito, Inna ta ajiye tsummanta. Majalisa kuwa ta ɗauki yabon gaba ɗaya, kamar su suka ƙera keken da hannunsu.

Ranar da abin ya faru muna tare, ni a kan keken aro, domin ina da sayayyar da zan yi kafin in tafi jami'a. Mun kusa Jega, a wata gangara mai tsakuwa, yana gabana da buhunansa, sai kawai na ga bayan keken ya zauna. Babu ƙara, babu karkata. Bututun ya rabu daidai inda aka huda, buhu ya fashe, albasa ta bi gangara. Matan da ke tafiya kasuwa suka sauke kayansu suna tsince mana suna yi masa sannu. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, gwiwar hannunsa tana jini, ya duba wurin da natsuwar mutumin da ya san maganin abin da ke gabansa. Ya ce, "Karaya ta. Mu kai ma Gado."

Gado shi ne mai waldar da ya yi duk ɗorin da ke jikin tsohon keken. Rumfarsa tana bakin kasuwa, kuma tun daga nesa warin kabaid, sinadarin wutar walda, ke sanar da ita. Ya karɓi keken da hannu ɗaya ya juya shi yana murmushin raini.

"Gado, sun ce ba irin wancan ba na," in ji Baba. "Ka bi shi sannu."

"Su wa sunka ce? Malam Arzika, ni da niɗ ɗora ƙashin tirela? Dud abin da anka kira ƙarhe, in ya ga wutag ga sai ya yi ladabi."

Ranar kasuwa ce, nan da nan aka taru, domin labarin keken jirgi ya riga mu isowa. Maidamma ma, da ya biyo motar kasuwa, ya kutso ya tsaya a sahun gaba. Gado ya sa baƙin tabarau, ya kunna wuta, ya kafa ta a kan tsagar. Duk aikinsa na shekara da shekaru a kan alama ɗaya ya dogara: baƙin ƙarfe yakan yi ja idan ya ɗauki zafi, jan nan ne ke gaya wa mai walda lokacin zuba tagulla ya yi. Sai ya tsaya yana jiran ja. Bututun yana nan fari fat kamar ba a taɓa shi ba. "Taurin kai garai," in ji Gado, ya ƙara wuta. Mutane suka matso. Ina kallon fuskar Baba, shi kuma yana kallon wurin kamar mai jiran ganin wata. Ƙarfen bai yi ja ba, bai yi hayaƙi ba, bai canja ko kaɗan ba, sai kawai ya sulale kamar kitse a kasko, ya ɗiga a kan yashi. Inda dā tsaga ce siririya, yanzu ga gurbi da hannu zai shige.

Gado ya cire tabarau ya dubi abin da ya ɗiga, kuma ban ga alamar kunya a fuskarsa ba. Ya ce, "An cuce ka, Malam. Wanga ba ƙarhe ba na." Ya juya ya ɗauki wani aikin.

Sai muryar Maidamma ta tashi, a natse, irin ta mai ba da fatawa. "Ni dama tun ranan nan raina bai kwanta da shi ba. Abin da bai da nauyi ai bai da amana. Na hwaɗi, Arzika na bai saurare."

Baba ya juyo a hankali. "Kai kah hwaɗi?"

"Ga mutanen garinmu nan, a tambaye su."

Akwai dattawan ƙauyenmu a wurin, waɗanda suka zauna a ƙarƙashin ɗurumin ranar da aka yi maganar alhazzai da Makka. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Suka gyaɗa kai, daidai yadda suka gyaɗa a wancan karon. Wani mai zubin tukwane ya leƙo ya ce idan ba a so a ba shi, zai fitar da tukwane masu kyau. Daga bayan taro wani ya yi ihu, "Mai jirgi ya sauka lahiya!" Kasuwa ta ɗauka. Kafin mu ɗaure sauran albasar, sunan ya isa layin masu hatsi, ya isa wurin zaman Baba, inda mutanen da suka yi shekaru suna kiransa Malam Arzika suka tarbe shi da shi. Bai zauna ba. Ya bar mini buhunan ya kama hanyar gida da ƙafa.

Bai fid da rai nan take ba. Ya bincika har ya gano cewa ɗan kasuwar ya sayar da baƙin keken ga wani manomi a Karaye, can ƙasar Maiyama. Muka shiga mota zuwa Maiyama, muka ƙarasa da ƙafa. Mutumin, Labbo, magidanci ne matashi, ya shimfiɗa mana tabarma aka kawo fura. Keken yana jingine a jikin rumbu, ƙaiƙayin dawa a kan kariyarsa. Baba ya yi ta zagaye-zagayen gaisuwa, ya tambayi damina, ya tambayi iyali, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ce zai ba da duk abin da ya rage masa a rudu.

Labbo ya sunkuyar da kai. "Baba, da wani abu kac ce in ba ka, wallahi da na ba ka. Amma wanga shi ka kai min dawa Maiyama, shi ka kai ɗiyana asibiti. In na ba ka, ni mi za ni hawa?"

"Gaskiyakka," in ji Baba. Ya sha furarsa ya ƙare, ya yi godiya. Da muka miƙe sai ya tsaya kusa da keken, bai taɓa shi ba, ya nuna da yatsa. "Ka riƙa sa mai mai nan ga gindin feda. Nan yaka hwara kuka."

A cikin duk mutanen wannan labari, Labbo kaɗai ne ban taɓa jin haushinsa ba.

Shekaru bayan haka, karatu ya nuna mini abin da babu wanda ya sani a rumfar Gado. Masu ƙera keke sun daɗe suna aiki da baƙin ƙarfe, suna zura bututu cikin bututu su haɗe da tagulla, kuma irin wannan ƙira ce ta dace da ƙasar da ke da wuta da maƙera amma ba ta da kantin kayan gyara. Goran-ruwa sun gwada shi tun da wuri ya ba su wuya, sai da suka koyi kaurara bututun da yi masa wata walda ta daban da ke buƙatar na'urar da ba ta taɓa zuwa Jega ba a lokacin. Sun yi shi ne don masu tsere da masu yawon shan iska, mutanen da idan abu ya tsage sukan jefar su sayi wani. Yana gajiya a ɓoye, musamman inda aka huda shi, kuma yana narkewa ba tare da ya sauya launi ba. Ba mugun ƙarfe ba ne. An yi shi don wata rayuwa, ya tsufa a can, aka turo mana ragowarsa, mu kuma muka tarbe shi da kirari.

Nakan tambayi kaina ko rainin da nake yi wa mutanen nan ya wuce haƙƙinsu. Rashin sani ba laifi ba ne, kuma babu inda za su san halin ƙarfen da ba su taɓa gani ba. Amma cewa ban sani ba kyauta ce, ba a saye, kuma ita ce kalmar da na jira daga bakin dattijo ko ɗaya ban ji ba, kafin abin ya faru da bayansa. Na kuma ga irin Maidamma da yawa tun daga lokacin, cikin manyan riguna da takardun shaida, a ɗakunan taro masu sanyi, har nakan tsaya in saurari muryata in ji ko tasa ce. Ɗurumin yana nan. Waɗanda ke zama a ƙarƙashinsa yanzu suna riƙe da wayoyi, babura jere a gefe, kuma idan hira ta yi daɗi sukan yi ta yabon kekunan dā, wai ƙarfen gaske, wai ba a yin irinsu yanzu. Su ne kuwa suka fito da na iyayensu daga bayan ɗaki suka ɗora wa 'yan gwangwan a kan sikeli. Yabon abin da ya riga ya tafi ba ya cin komai, shi ya sa suka ƙware a kansa.

Baba yana iya sake mallakar wani baƙin keken bayan kaka ɗaya ko biyu, kuma da na fara aiki na yi masa tayin haka, ya ce in bari. Keke ana samu. Sunan nan ne ke zaune a wurin zamansa a kasuwa yana jiransa, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana faɗin darajar kayansa da bakinsa ba zai iya yin ciniki ana ƙunshe dariya a bayansa ba.

Da aka cire albasa a shekarar da ta biyo bayan karayar keken, motar dillalai ta tsaya a bakin gonarmu. Suka faɗi farashinsu, Baba ya karɓa. Bai sake kai kaya kasuwar Jega ba har ya rasu.